Shayin Boston da Atayar Kawu Gajere

Nima, Accra

Zuwa ga Yaya Tijani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Luba da ƙaramarmu Salwa. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Bronx. Mu ma nan lafiya lau. Ƙafar Mma ta yi sauƙi, har ta koma bakin tukunyar wake da shinkafarta, tana faɗa da masu saye kamar da. A takarda na rubuto maka, domin in na ɗaga waya zan yi maka saƙon murya, sai duk tsakar gida ta sa baki, kuma maganar nan ina so in faɗe ta ba wanda ya katse ni.

Maganar ƙanwarmu Samiratu ce. A jami'a an ce kowa ya kawo batun da zai yi rubutu a kai game da tarihin Amurka na farko-farko, kafin Juma'a, wanda bai kawo ba sai ya maimaita darasin baɗi, abokansa su gama su bar shi. Kuskurenta ɗaya, ta faɗi wannan a tsakar gida. Ka san gidanmu, ko sunan akuya ba mutum ɗaya ke raɗawa ba. Mma ta ce a tambaye ka, tunda kai ne a can. Yaya, na ji amsarka. Ka ce ta yi rubutu a kan mutumin da ke jikin dala, ka haɗa da hotonka jingine da motar da duk mun san ba taka ba ce. Shekarun nan duka kana ƙasar mutane, abin da ka sani na tarihinsu ke nan? Ni da ban wuce gyaran waya a kasuwar Circle ba, tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi sun cika ƙarƙashin gadona, kuma na karanta su, har waɗanda ɓera ya riga ni farawa.

Ni ina da batu, kuma mai kyau. Na ce ta rubuta a kan Musulmin ƙasashenmu da aka kwashe bayi zuwa can, wasunsu suna rubuta Larabci da hannunsu. Ta ce batun ya yi, amma ya fi ƙarfin 'yan shafukan da aka ba ta. Na ce shafuka ne za su bi batu, ba batu zai bi shafuka ba. Ta ce in je in faɗa wa malaminsu. Raina ya ɓaci, na ɗauki maganar na kai bes, wurin zamanmu na yamma, don in sami masu goyon baya.

Ka tuna kai ka sa wa bes ɗin nan suna Boston, saboda wata hula mai wannan suna a jiki da ka saya a gwanjo? Har yau sunan na rubuce a jikin benci, kuma har yau Kawu Gajere ne ke dafa mana ataya, shayin nan mai kumfa, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa kamar mai aikin ibada. To, ina cikin bayani sai na kawo misalin irin batun da ba na so ta ɗauka, wanda kowane ɗalibi ke rugawa gare shi: yadda mutanen Boston suka yi fushi da harajin Turawan Ingila, suka hau jiragen ruwa suka zubar da akwatunan ganyen shayi a teku. Kawu ya tsayar da buta a sama. Ya tambaya ko shayin ya lalace ne. Na ce lafiyarsa ƙalau. Ya tambaya ko babu talakawa a garin da za a rabawa. Na ce Kawu, maganar 'yanci ake yi. Ya ce shi bai ga 'yanci ba, almubazzaranci ya gani, kuma ashe shekara da shekaru yana dafa ataya a ƙarƙashin sunan masu zubar da ganye.

Daga nan bes ya rabu biyu. Rabi suna bayan Sarkin Ingila, mutanen da ko a taswira ba za su nuna maka Ingila ba. Ni kuwa bakina bai bar ni ba. Na ce da ina wurin, da ni zan ɗauki akwatin farko. Kawu ya dube ni, ya ɗauke ƙaramin kofin da ya riga ya ajiye a gabana, da kumfarsa a kai, ya miƙa wa na kusa da ni. Ya ce, "Wanda zai zubar a teku, ba zai sha a Nima ba."

Ana cikin haka Samiratu ta zo kirana cin abinci, ta tsaya a bakin lungu tana jinmu. Ta ji Kawu yana ta mita, wai to da gari ya waye, tsofaffin garin me suka sha? Ta dawo gida ta ɗauki biro. Ranar Juma'a ta kai batunta: abin da mutanen gari suka koma sha bayan sun ƙaurace wa shayin Ingila, da yadda mata suka riƙa tafasa ganyayen lambu a madadinsa. Malamin ya karɓa nan take. Ba za ta maimaita darasi ba, alhamdu lillahi, kuma na yi mata murna, ko da yake ban faɗa mata ba. Batuna na nan, na ce ta ajiye don digiri na biyu.

Abin da ya rage shi ne ni. Kawu ya ce ba zan ga kofi ba sai an kankare sunan nan daga benci, kuma wanda ya raɗa suna shi ke da ikon cirewa. Don haka, Yaya, ka yi wa Allah ka aiko masa da saƙon murya, ka zaɓi wani gari. Amma ka fara faɗa min sunan in bincika abin da suka taɓa zubarwa, kada a sake. Kafin nan, Mma na tafasa min citta da na'a-na'a duk yamma, ina sha a ƙofar gida ina jin ƙamshin ataya daga lungu. Jiya Samiratu ta jawo kujera ta zauna gabana da biro, wai in kwatanta mata yadda mutum ke ji in an raba shi da shayi saboda siyasa, domin a duk Accra ni kaɗai ne shaidar da take da ita.

Mma na gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Salwa. Samiratu na gaida Anti Luba. Kawu Gajere ya ce a gaishe ka, amma gaisuwar zumunci kawai, ban da ta bes. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai shan citta,
Basit