Ƙusoshin Fiffike

Asabar, 7 ga Maris, 1987
Ƙusoshin da muke ƙerawa don fiffiken jirgi sai ƙara kauri suke. Duk awa ina auna biyar, in sa ɗigo a jadawali. Ɗigo bakwai a jere suna hawa. Na nuna wa mudir, Balaraben manajanmu, ya ce tunda ba su wuce iyaka ba, ma fi mushkila, wai ba matsala. Sai sun wuce ke nan? Mutane za su hau jirgin nan.

Litinin, 9 ga Maris
Na ƙi sa hannu a kaya su fita. Mudir ya tuna min fasfona na cikin durowarsa. Wai ni zai tsorata.

Talata, 10 ga Maris
Mudir ya ce in kawo dalilin kaurin a rubuce. Na rubuta sunan Musbahu, mai riƙe da injin. Ɗan Gusau ne, namu, amma hannunsa bai tsayawa kan saiti, kullum taɓe-taɓe. Ya fara min wani zance na zafin rana, na ce ba hira na zo ba.

Asabar, 14 ga Maris
An dakatar da Musbahu. Sun ce ƙarshen wata za a soke iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar nan. Sailuba ta ce min, “Malam, ka tabbata?” Har matata.

Talata, 17 ga Maris
Sabon mutum a kan injin, ɗigo bai daina hawa ba. Na raba awon safe da na bayan azahar. Na safe lafiya lau. Bayan azahar injin na ɗaukar zafi, tun da na'urar sanyaya ɓangaren ta mutu a Fabrairu, suka ƙi gyarawa. Ashe taɓe-taɓen nan gyara Musbahu yake yi.

Laraba, 18 ga Maris
Mudir ya ce rahoto ya riga ya tafi, halas, wai magana ta ƙare. Na ce zan rubuta wani, da sunana a sama. Ya ce to iƙama biyu ke nan za a soke. Na rubuta.

Juma'a, 20 ga Maris
Bayan masallaci na bi ta unguwar Shifa, inda Musbahu ke zaune, dama ina da wata buƙata can. Musbahu na ɗaure akwati. Ya ce, “Injiniya, lafiya?” Na ce ya dakata da ɗaurin tukuna. Na zauna kan tabarmarsa, na ce ya faɗa min yadda injin ke yi bayan azahar. Ya yi magana har la'asar. Shafi uku na cika.