Gawata Ba Za Ta Hau Jirgi Ba

Sterling, Virginia

Zuwa ga ƙanin maigidana, Alhaji Mustafa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara maka ƙarfin gwiwa, don na ji an ce yanzu sai da sanda, kai da kake ce mini tsohuwa. Mu nan alhamdu lillahi. Ɗana Kamal yana ta aikinsa a waɗannan manyan gine-ginen marasa taga da kwamfutoci ke kwana a ciki, matarsa Sharifa tana aikinta na asibiti, jikata Radiyya ta kusa gama jami'a. Maƙwabciyarmu Rahmatu, wadda ke aiki gidan rediyo, ita ke rubuta mini wannan, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki.

Na ji wayar da ka yi wa Kamal. Ya ce ka ce wurin da ke gefen kabarin yayanka yana nan ka tsare, kuma in ta Allah ta kasance a sako ni a jirgi, don ka yi wa marigayi alkawari. Kamal ba zai iya musa maka ba, kunyarka yake ji. Ni ba na ji. Likita ya riga ya ce zuciyata ba za ta ɗauki tafiyar jirgi ba, ke nan da ƙafata ba zan sake ganin Kano ba. Saura maganar gawa, kuma ita nake so mu gama yau.

Akwai abin da ba ka sani ba, don lokacin kana makarantar kwana a Zariya. Ina amarya, yayanka Malam yana kula da injin wuta a tashar nan da Amurkawa suka kafa a bayan gari, wadda suke magana da mutanen da suka harba sama. Ranar da aka ce ɗayansu zai wuce ta saman Kano, unguwarmu ba wadda ta yi wanka. Surukata ta sa muka kwashe shanya, muka rufe tukwane, muka shige ɗaki da lulluɓi da rana tsaka, wai namiji ne kuma yana leƙen tsakar gidajen mutane. Muka zauna tsit. Ko kaji ba su yi kuka ba. Ba mu ga komai ba, ba mu ji komai ba.

Malam ne ya ji. Da ya dawo na ajiye masa tuwo, ya ƙura masa ido har ya huce. Daga baya ya ce wani Bature ya ɗora masa abin saurare a kunne, sai ya ji shuuu kamar ana zuba gero a ƙwarya, a cikin shuuu ɗin kuma mutum yana numfashi. Ya ce numfashin ya taho daga yamma, ya yi ƙarfi, ya wuce gabas ya ɓace, ba a fi shan kofin koko ba. Ya ce sun ɗaure mutumin a cikin wata tukunyar ƙarfe, kuma in abin saukowar ya ƙi, to haka zai mutu a zaune ya ci gaba da zagaya duniya, yana wucewa ta kanmu, ba mai yi masa wanka, ba ƙasar da za ta karɓe shi. Ya je ya tambayi liman hukuncin irin wannan gawa, liman ya ce masa ya tashi ya ba shi wuri. Mutumin dai ya sauka lafiya. Amma har Malam ya koma ga Allah, wani lokacin yana cikin cin abinci sai ya tsaya da loma a hannu ya karkata kunne sama.

Na manta da wannan duka, sai watan jiya da Radiyya ta tura ni a keke zuwa wani katafaren gidan ajiye tsofaffin jirage kusa da filin jirgin Dulles. Can na ga irin tukunyar. Mustafa, ba ta kai rumbun gidanmu ba. Na sa ta matsar da ni na leƙa, wallahi kabari ya fi ta sarari, don a kabari mutum yana miƙe ƙafa. A gefe kuma ga rigar da suke sawa an tsayar da ita ba kowa a ciki, hannuwa a ɗan ɗage, gilashin fuskar baƙi. Na duba ciki sai na ga fuskata. Radiyya tana ta yi mini bayani da Turanci, na ce mata ta juya keken.

A satin nan kuma Selina ta dawo aiki. 'Yar Jos ce, ita ke zuwa ta taimaka mini da wanka da magani. Mijinta Davou ya rasu, danginsa suka ce a kai shi gida. Ta ce sai da ya yi makonni a firji ana neman takardu, aka ɗura masa magani, aka rufe shi a akwatin ƙarfe. Ta ce tana zaune a jirgi ana ba ta shayi, shi kuma yana ƙarƙashin ƙafarta cikin jakunkunan mutane. Da suka canja jirgi a Turai, ita ta isa, shi bai isa ba. An sa shi a wani jirgin ya bi ta wata ƙasa. Ta ce tana tsaye a filin jirgi tana tambaya, aka duba kwamfuta aka ce mata yana sama.

Tun ranar ban samu natsuwa ba. Gine-ginen su Kamal suna wani gunji siriri ba dare ba rana, irin na injin Malam sak, da ban lura ba, yanzu ko taga a rufe ina jin sa. Shekaranjiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a kujera, sai ga Malam tsaye a tsakar gidanmu na da, kansa a ɗage, yana sauraro. Na kira shi bai waiwayo ba. Sai na lura ai saman kansa nake gani. Ni ce a sama. Na wuce shi, na sake zagayowa, yana nan tsaye, na sake wucewa. Na farka da ƙarar jirgi mai sauka. Ni ba mai fassara mafarki ba ce, wataƙila ma maganin likita ne. Amma na ga abin da na gani.

Jiya na sa Kamal ya kai ni maƙabartar Musulmi ta nan. Ƙasar ja ce, mai danshi. Na tambayi mai gadin wurin alƙibla ya nuna mini, nan ta karkata arewa. Ya ce in mutum ya cika da safe, in takarda ta fito, ana iya rufe shi a ranar ko washegari. Matan masallacinmu sun iya wanka, na ga aikinsu. Abin da nake so ke nan, a wanke ni da ɗumina a sa ni ƙasa.

Saboda haka na sauke maka alkawarin. Malam ya roƙe ka ne yana zaton a Kano zan mutu, a ɗauke ni a kafaɗa. Mutumin da ya kasa cin tuwo saboda baƙon da bai taɓa gani ba, ba shi zai so a rataye matarsa tsakanin sama da ƙasa ba. Ka kira Kamal da bakinka ka ce masa ka janye, don in ba daga gare ka ya ji ba, ranar da na rufe ido zai bi maganarka. Kada ka ce sai bayan salla, ban san ko ina da bayan salla ba.

Ka gaida Hajiya Aliyya da jiki, da Haidar da matarsa, da Ladan mai sunan Malam, da duk wanda ya tambaye ni. Duk wanda na ɓata wa ya yafe mini. Wurin nan na gefen Malam kuma kada ka bar shi a banza. Kai ma ba yaro ba ne, ka riƙe abinka, ɗan'uwanka ne.

Wassalam. Ni ce matar yayanka,
Gaji