Na Cika Baki, Yayata Ta Daina Zuwa Asibiti

Anti, don Allah ki taimake ni, bakina ya ja mini abin da ya fi ƙarfina.

Ina aiki a wani ɗakin bincike. Masanan wurin suna haɗa wasu ƙwayoyin kabon, wato sinadarin gawayi, baƙaƙe, ƙanana fiye da ƙura nesa ba kusa ba. Ana ɗora musu maganin cutar kansa, a yi allurarsu, su je su taru a cikin ƙari. Sai a haska wurin da wani haske mai ratsa fata, ƙwayoyin su ɗau zafi su ƙone ƙarin. A jikin ɓeraye ake gwadawa. Ni kuma aikina wanke kwalabe, ba ɓeraye abinci, da auna su kowace safiya. Amma a gida Likita ake ce mini saboda farar rigar, ni kuwa ban taɓa cewa a daina ba. Daɗi nake ji.

Yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, tana da kansar mama. Maganin asibiti yana wahalar da ita, amai ba iyaka, gashinta duk ya zube. Ranar da na iske ta tana tsintar gashi a kan matashi, tausayi ya kama ni, son burgewa kuma ya hau kaina. Na nuna mata hoton ɓeran da ƙarinsa ya motse, na ce namu maganin, ciwon kaɗai yake nema, kuma saura wata uku a fara ba mutane. Wallahi babu wanda ya faɗa mini haka.

Mijinta ne ya sanar da ni cewa sau biyu ke nan ba ta je karɓar magani ba, wai tana jiran na ƙanenta. Jiya har ta wanke wata ƙaramar kwalba ta saka mini a aljihu, in ɗan ɗibo mata. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar Litinin ake jiranta a asibiti. Ta yaya zan dubi idonta in ce ni mai wankin kwalabe ne?

Mai farar riga

Ƙanena, ba mugunta ce ta sa ka ba, tausayi ne ya haɗu da son a yaba. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wannan ramin ba kai ne a cikinsa ba, yayarka ce.

Ita ma kada ka ga wautarta. Mai fama da irin wannan wahala, ko inuwar sauƙi ta hango za ta bi, balle daga bakin wanda ta goya.

Binciken da ake yi a wurinku abin fata ne, sai dai tsakanin ɓera da mutum akwai shekaru na gwaji. Kada ka kuskura ka ɗebo mata ko ɗigo. Ka je yau, kada ka aika mijinta. Ka faɗa mata ainihin aikinka, ka ce maganar wata uku kai ka ƙirƙiro ta. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka. Ka zauna ka shanye, hakkinta ne.

Ranar Litinin ka raka ta. Ku gaya wa likitanta ta tsallake sau biyu, ba tare da ɓoye dalili ba, ku kuma nemi a duba batun aman, domin akwai abin da ake bayarwa don a rage shi.

Wankin kwalba ba abin kunya ba ne, halal ɗinka kake ci. Ka ce kowace safiya kana auna ɓerayenka, ba ka tsallake musu rana. Wadda ta goya ka ta fi su cancantar haka. Ka mayar mata da kwalbarta babu komai, ka kama hannunta ku tafi. Allah ya ba ta lafiya, kai kuma ya ba ka ƙarfin buɗe baki.