Rawanin da Zai Bi Ni Kabari

Da sunan Allah nake farawa. Ni Arzika ɗan Mode, mahauci a birnin Sakkwato, na sa a rubuta wannan wasiyya ina cikin hankalina garau. Ƙafafu ne suka ƙi ni, kai kuwa bai taɓa washewa kamar yau ba. Jinaidu, Attahiru, Bara'atu, ɗiyana, ku ajiye kukan nan tukuna, domin ni murna ce ta cika ni, har nakan ji kamar in tashi in yi sassarfa zuwa Dundaye.

Na ɗaya, takobina. Attahiru, ka kai shi maƙera a mayar da shi fartanya. Ina saurayi na bi jama'a jihadi, saboda na ji ana wa'azi cewa duk ɗiyan Adamu ɗaya ne. Muka yi yaƙi, muka ɗauki ƙasa a ka muka gina ganuwar birnin nan, kuma ban yi nadama ba. Amma furfura ba ta fito mini ba sai da na ga waɗansu da muka kwana da yunwa tare sun naɗa rawani, mu kuma muna tuɓe takalma tun daga nesa muna durƙusa musu. Mahauci kuwa yana nan mahauci, a ci naman hannunsa, a hana ɗansa aure. Nan na gane takobi mahayin doki kawai yake sauyawa, mai yankan ciyawar dokin yana nan inda yake. Wuƙaƙen fawa ma naka ne, Attahiru, kada ka ji kunyarsu.

Na biyu, gonar Dundaye. Ba ta cikin gado, kun sani, na tsayar da ita waƙafi gaban shaidu ga duk mai noma ta. Sodangi, wanda aka ba ni a rabon ganima na 'yanta shi tun ranar, shi ne ya fara kawo shawarar a haɗe gonaki. Shekarar fari, mu da maƙwabtanmu kowa na gadin ɗan fegensa a bayan shingen aguwa, wani na da dami, wani na cin tafasa. Muka tumɓuke aguwar nan gaba ɗaya! Nononta ya ƙone mana hannuwa, muna tsifa muna dariya. Tun daga nan gona ɗaya, rumbu ɗaya, kowa ya yi aikin da ƙarfinsa ya kai, a auna wa kowane gida gwargwadon bakunan da ke cikinsa. Aka ce za mu kashe juna kafin kaka. Ga mu nan, har yau ba wanda ya kwana da yunwa a cikinmu. Duk wanda ya sake dasa aguwa a gonar nan, ban yafe ba.

Bara'atu, saniyar nan mai jan wuya taki ce, ƙwaryar awon rumbu kuma ta zauna a hannunki, don ke ba kya duban fuska idan kina awo.

Na uku, Jinaidu, na ji ka kira Sodangi bawan gidanmu a tsakiyar kasuwa. Mutumin da ya goye ka! Ka je ka same shi, ka zauna ƙasa, ku ci tuwo a akushi ɗaya kafin a yi sadakata. Shi ba ya riƙo, kai ne girman kai ya sarƙe.

Ku saurari abin da ke sa ni murna. Bana mutane daga rinji-rinji, ƙauyukan bayi, suna ta zuwa kallon rumbunmu, suna shafa shi, suna tambayar wane ne ubangijin wurin. In aka ce babu, sai su riƙe baki. Wallahi abin ya fara tafiya! Duniyar nan kashi biyu ce, masu rawani da masu fartanya, kuma masu rawanin ba su iya shuka ko ƙwaya. Ranar da masu fartanya suka haɗa baki, daga nan har bakin gulbi da bayansa, suka ce hatsi na wanda ya yi gumi ne, ba sai an zubar da jinin kowa ba, sarauta za ta zube da kanta. Ba bawa, ba ubangiji, ba ɗan sarki, ba ɗan mahauci. Ni ba zan gani ba, amma ina jin ƙamshinsa kamar na ruwan farko.

Na huɗu, kuma shi ne babba. Wani mai sarauta ya aiko mini da farin rawani, wai a naɗa ni mai garin gonarmu, in riƙa tara masa rabonsa. Wayo ne, so yake a sami babba a cikinmu, don a sami na ƙasa. Ban naɗa ba, ban kuma mayar ba, don kada ya ba wani. Jinaidu, na ga yadda kake leƙa adudun da yake ciki, har ka auna shi a kanka da kake tsammanin barci nake. Ya yi maka kyau, ɗana, shi ya sa nake tsoro. Ranar da ka naɗa shi, Sodangi zai tuɓe maka takalma, rumbun nan kuma ya mutu.

Malamai sun ce rawani yana cikin likkafanin namiji. To, na karɓi naɗin. Idan aka yi mini wanka, Sodangi ya naɗa mini shi, kai Jinaidu ka riƙe masa bakin ƙyallen.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku da na duk mai ci daga rumbun nan, don su ma ɗiyana ne. Ku zauna tsintsiya ɗaya, kada ku watse. Idan manzon mai sarauta ya zo ta'aziyya ya tambayi wanda zai gaji rawanin, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi maƙabarta, ku nuna masa inda mai garin yake kwance.