Gungumen Sista Angelina

Woolwich, Landan
12 ga Yuli, 1993

Zuwa ga Uwar Ƙungiya, Hajiya Inna Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, tare da addu'ar Allah Ya tuɓe ciwon gwiwarki daga karagar mulki.

Ni ne ɗanki Nata'ala, ɗalibin shari'a, Babban Magatakardan Ƙungiyar Mata Masu Kishin Nijeriya ta Woolwich, muƙamin da na samu saboda ni kaɗai ne ba na tsoron keken rubutu. Ina mai baƙin cikin sanar da ke cewa Ɗakin Gumagumai na fuskantar barazana mafi girma a tarihinsa.

Kin fi ni sanin tarihin, amma ƙa'idar shari'a ta ce a fara daga farko. Guguwar 1987 ta tuge itatuwan Landan. Ku kuwa kun gaji da taro a falon mutane, inda mazaje ke ta gyaran murya don ku tashi ku ba su talabijin. Sai kowace mace ta nemo gungume ɗaya, aka jibge a bayan gidanki, wanda muke ciki yanzu. Malam Inusah, kafintan Deptford, ya sassaƙa su, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa ba ƙusa ko guda, kuka yaɓe gindin da laka irin ta gida. A nan ake bikin 'yancin kai, a nan ake ɗaure magungunan da ake aikawa asibitocin gida.

To, tun da aka soke zaɓe a gida, zaman lafiya ya yi ƙaura. Sista Angelina ta ce a ɗauki tuta a je ƙofar ofishin jakadanci. Umma, ƙanwarki kuma shugabarmu, ta ce ƙungiya ba ta siyasa. Murya ta hau murya, har Umma ta ce, "Dama ku 'yan Kudu ba kwa rabo da hayaniya."

Sista, wadda aka haifa a Sabon Garin Kano, ta miƙe ta ce, "Karimatu, ni ce 'yar Kudu? Lokacin da nake cin gurasa a Kano ke ko haƙori ba ki yi ba. A ba ni gungumena." Ta fice, rabin mata suka bi ta.

Matsalar ita ce gungumenta ne na can ƙasa, ɗakin duka a kansa yake zaune. Umma ta ce a sa zarto a yanko mata, a cike gurbin da bulo. Malam Inusah ya ce ranar da aka yi haka rufi zai gaisa da ƙasa. Fili naki ne, hukunci naki ne.

Ki huta lafiya.
Ɗanki mai biyayya,
Nata'ala

*

Gwammaja, Kano
3 ga Agusta, 1993

Nata'ala,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka. Gwiwa da sauƙi. Kai kuma ka rage surutu.

Gungumen nata ne. Itacen ƙofar gidanta ne, a kan motarta ya faɗi. Tana tsaye tana kallon motar ta ce da ni, "Asama'u, ga harsashin ɗakinmu." Kafin nan babu wadda ta yi tunanin gini. Don haka a ba ta abinta.

Amma ban yarda zarto ya taɓa ɗakin nan ba. Yadda aka ɗora, haka za a sauke. Kowace mace, da wadda ta fita da wadda ta zauna, ta zo ta kama nata da hannunta, daga sama zuwa ƙasa. Nawa kai za ka kama. Wadda ta ƙi zuwa, nata ya tsaya inda yake, na ƙasa da shi ma haka.

Ka tuna wa uwarka cewa nata ne ke kwance a kan na Angelina. Ita ce ta ƙarshe, kuma a gaban Angelina za ta ɗaga. Ka ce mata na ji abin da ta faɗa, ban ji daɗi ba.

Ɗaya ga Oktoba a yi taro a wurin nan, ko da ɗaki ko babu.

Ka gaida kowa.
Innarka, Asama'u

*

Woolwich
6 ga Satumba, 1993

Zuwa ga Babbar Kotun Ƙoli, Hajiya Inna,

Bayan gaisuwa da jinjina, an zartar da hukuncinki ranar Asabar, kuma ni shaida ne, da ciwon baya a matsayin hujja.

Kowa ta zo. 'Yan tawaye suka tsaya gefen katanga, 'yan gwamnati gefen kicin, ba mai gaida wata. Amma gungume ba ya ɗaguwa da mutum ɗaya. Hajiya Damata ta kama nata, ta yi nishi, ta duba hagu da dama, babu ta kusa sai wadda ta yi wata biyu ba ta yi wa magana. "To kama mana, kin tsaya kamar sandar fitila!" Da wannan jawabi mai cike da hikima aka buɗe tattaunawar sulhu.

Da la'asar aka iso kan na Umma. Ta naɗe hannun riga, ta kama, ba ta kalli kowa ba. Sista ta kama ɗaya gefen, tana cewa ba taimako take ba, sauri take. Suka ɗaga.

Inna, abin da ke ƙasa ya ruɓe. Lakar da kuka yaɓa ta riƙe ruwan Landan shekara da shekaru, gungumen Sista ya shanye shi duka. Na sa yatsa ya nutse kamar a burodi. Na Umma kuwa ƙalau, ko tabo babu. Malam Inusah ya kama kai ya ce cikin karyayyar Hausarsa, "Na faɗa ku tun farko, laka nan ba ya son ruwa na London! Sanyi ɗaya ya rage, ɗaki ya faɗi kan ku duka."

Sista ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wato ina ƙasa ina shan ruwa, kuna sama kuna shan shayi."

Ba wadda ta yi dariya, har ni. Umma ta ce, "Angelina, bakina ne ya yi tsawo."

"Tsawonsa ai na daɗe da sani," in ji Sista. Ta kwashe ɓarɓashin gungumenta a buhu, ta sa a mota, ta tafi.

Yanzu ɗakin na jibge ƙarƙashin tamfol, ba harsashi. Umma na bin masu gyaran itatuwan ƙaramar hukuma tana neman mai kauri, ba ta samu ba. Jiya na ga ta ɗaga tarho ta ajiye, ta sake ɗagawa. Ta rantse za a yi taro ko a tsaye cikin ruwa ne.

A huta lafiya.
Magatakarda marar ofis,
Nata'ala

*

Woolwich
2 ga Oktoba, 1993

Inna,

Gaisuwa a taƙaice, hannuna duk kanta ne.

Makon jiya Sista ta iso da motar ɗaukar kaya, da gungumen da ya fi na da. Ta ce, "Ban dawo ba. Ku ne ba ku iya zaɓen ice ba." A kan duwatsu aka ɗora shi, ba laka. Ta ce Umma ta kama ɗaya gefen.

Jiya bango iya ƙugu ya kai, muka yi taro da lema. Umma ta buɗe da maganar zuwa ofishin jakadanci, ta ce Angelina ce za ta fara magana. An yi ta musu har magariba, amma babu wadda ta nemi gungumenta.

Asabar mai zuwa za mu ci gaba da ɗorawa. Naki yana jiran bayana.

Ki huta lafiya.
Nata'ala