Ƙahon Baba Kafin Azumi

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

A yau ni Kabir ɗan Malam Audi na Malali, masanin kimiyyar sinadaran jiki wanda har yanzu duniya ba ta nemi hidimarsa ba, na karɓi muƙamin Shugaban Hukumar Allurar Baba. Dakta Harira ce ta naɗa ni, bayan an sanya Baba cikin shirin gwajin sabon maganin ciwon da ya kashe masa tafin ƙafa.

Na tara al'ummar gida a falo, wato Umma da ƙanwata Safiyya da shi Baban, na yi musu jawabi. Na ce hantar Baba tana ƙera wani furotin mai karkataccen hali, wanda yake taruwa a jijiyoyi. Umarnin ƙera shi yana cikin ƙwayoyin halittar da ake gada, amma sai ɗan aike ya ɗauki saƙon zuwa maƙera. Maganin kuwa guntun zare ne da aka saƙa shi daidai da saƙon: ya manne masa, sai wani sinadarin jiki ya gan su tare ya datse ɗan aiken a hanya. Safiyya ta ce ashe maganin ɗan fashi ne. Na amince da wannan fassara a hukumance.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Allura a fatar ciki. Baba ya ce hannuna ya fi bakina sauƙi.

Litinin, 26 ga Fabrairu

An ɗebi jini da fitsari kamar kullum. Dakta ta sake nanata cewa zaren ba ya tsayawa a hanta kaɗai: yakan taɓa ƙoda, yakan kuma rage ƙwayoyin da suke daskarar da jini. Na Baba sun ɗan sauka. Ta ce da mun ga tabo a fata ko jini a dasashi, mu kira ta. Na isar da wannan doka a gida da muryar mai shela, har Umma ta yi dariya ta ce in matsa mata daga ƙofar kicin.

Juma'a, 1 ga Maris

Na tafi Zariya ɗaurin auren abokina. Hukuma ta tafi hutu.

Lahadi, 3 ga Maris

Zan rubuta shi a jere, ko zan fahimta.

Jiya da hantsi Umma ta ga baƙaƙen tabbai a bayan Baba da cinyoyinsa. A wurinta, da wurin duk wanda ya girma a gidanmu, wannan mataccen jini ne ya taso, kuma ga azumi ya matso, lokacin da Baba bai taɓa fashin yin ƙaho ba tun kafin a haife ni. Ba ɓoyewa suka yi ba. Bai zo musu a rai cewa wannan yana cikin abin da likita take nufi ba. Aka kira Malam Sabo wanzami daga Abakpa, aminin Baba, mutumin da ya yi mini askin suna.

Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho. Jinin ya ƙi tsayawa. Safiyya ta ba ni labari cewa ya danna da auduga, ya danna da rawaninsa, yana ta salati. Shi ne ya goya Baba zuwa Keke Napep, tsoho da tsoho.

Na iso na tarar ana ƙara masa jini.

Talata, 5 ga Maris

Jinin ya tsaya. Alhamdu lillahi.

Malam Sabo bai bar barandar asibiti ba. Na zo da doguwar huɗuba a kansa tun daga Zariya, na tsara ta sakin layi-sakin layi. Da na tsaya gabansa sai ya ce, "Kabiru, ni na san jinin babanka. Wannan ba shi ba ne." Na ce masa gaskiya ne, Baba Sabo. Huɗubar ta ƙare a nan.

Alhamis, 7 ga Maris

An cire Baba daga shirin. Dakta ta ce ba ƙahon ne dalili ba, shi dai ya tona abin. Jikinsa ne ya juya wa ƙwayoyin jininsa baya saboda maganin, kuma ba za a sake ba shi ba. Ɗan aike zai ci gaba da kai saƙonsa lafiya lau. Ƙafar za ta ci gaba da mutuwa, sannan hannu.

Ta kuma tuna mini, a hankali, cewa ciwon na gado ne.

Asabar, 9 ga Maris

Mun dawo gida. Ina matsa wa Baba ƙafa, ya ce, "Shugaba, sake yi mana jawabin ɗan fashin nan." Na buɗe baki, sai na ce masa maƙogwarona yana ciwo. Ya ce in ƙara matsawa, bai ji ba. Da dukkan ƙarfina nake matsawa.

Jiya na ba da jinina a duba. Sha'awar ilimi ce kawai. Ban faɗa wa Umma ba.