An Ware Mini Kwano Saboda Jinin da Aka Ɗiba

Baba Gado, don Allah ka taimake ni da shawara, don ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a garin nan.

Ni ma'aikacin gidan likitan dabbobi ne, mutumin Tawa, aiki ya kawo ni Gure shekara biyu ke nan. Ban yi aure ba tukuna. Da na zo ban san kowa ba, ko gaisuwar Barebari ban iya ba. Wani dattijo, Malam Abarshi, shi ya ba ni ɗaki a gidansa, kuma tun ranar farko ya ce in fito tabarma. Kullum bayan magariba mu huɗu ne a kan akushi ɗaya a ƙofar gida: shi, da maƙwabcinsa Fannami, da Ɗan Talata mai ɗinki, da ni. Sukan tsokane ni wai hannuna warin saniya yake, in ce ai shi ke ƙara wa miyar armashi. Wallahi mutanen akushin nan su ne dangina a Gure.

Ka san aikinmu. Tun bayan fari karnuka sun saba da cin mushe, sun yi yawa, kuma duk wanda ya haukace mu ake kira. Shi ya sa bana aka yi wa ma'aikata allurar rigakafin haukan kare. Daga baya aka turo majo, wato ma'aikacin jinya, daga Damagaram, Tanimu sunansa, ya ɗebi jininmu, a duba ko allurar ta bar mana kariya a jiki, a kuma duba ciwon ɓarin shanu da ke kama masu taɓa su. Ofis da zafi, sai ya kafa teburinsa a inuwar itacen bedi, bakin hanya, kuma ranar kasuwa. Fannami na wucewa ya ga an ɗaure mini dantse, an zuƙi jini, an zuba a ƴar kwalba, an saka a akwatin sanyi. Akwatin nan kuwa duk makiyayin da ke tsakanin Kelle da Alakos ya san shi, don shi nake rataya in shiga garke.

To ga inda abin ya cakuɗe. Tun zuwana wa'azi ɗaya nake wa mutanen nan: saniyar da aka ɗebi jininta a ware ta, kada ta sha ruwa tare da sauran, har sai labari ya dawo daga Yamai. Na sha faɗa da makiyaya a kan haka. Shi kansa Malam Abarshi na taɓa sa shi ya ɗaure bijiminsa a bayan gida, har ya ji haushina.

Da magariba na fito, sai na tarar an shimfiɗa mini ƴar tabarma can gefe, ga kwanona daban, ga sabuwar moɗa. Babu wanda ya ci mini fuska. Malam Abarshi cewa ya yi in yi haƙuri har labarina ya dawo daga Yamai. Maganata ce ya mayar mini, Baba, har da yadda nake ɗaga yatsa. Na fashe da dariya, na ɗauka wasa ne. Babu wanda ya taya ni.

Na yi bayani har bakina ya gaji. Na ce kare bai cije ni ba, lafiyata lau. Suka ce ai bijimin ma lafiyarsa lau ranar da na sa aka ɗaure shi. Idan na ɗaga moɗa sai hira ta tsaya, kowa ya zuba wa maƙogwarona ido, don sun san mai wannan ciwo tsoron ruwa yake. A sahun salla ma akan bar ɗan fili tsakanina da na kusa. Ina jin hirarsu, ina jin Ɗan Talata na tsokanar Fannami, amsa ta zo mini har baki, sai in haɗiye ta da tuwo. Na ji an ce jikan Malam Abarshi ciwon nan ne ya kashe shi shekarar fari, amma shi bai taɓa gaya mini ba. Inna Bintu, matarsa, ba ta fasa aiko mini da abinci ba, har nama ta ƙara, sai dai ba ya wuce mini da daɗi. Kaɗaici ya ishe ni.

Yanzu kuma an aiko cewa jinin ya lalace a hanya, firjin kananzir da aka saka shi ciki ya mutu kafin a isa. Majo zai dawo watan gobe ya sake ɗiba, a sake sabon jira. Abin da zuciyata ke raya mini shi ne ranar da zai zo in tsiri rangadi zuwa Gamu, in na dawo in ce musu labari ya zo, jinina ƙalau. Ba wanda zai gane. Ai an yi mini allurar, me ya rage? Ni dai so nake in sa hannu a akushi tare da mutane. In yi haka?

Naka, Baƙon Gure.

Amsa

Ɗana Baƙon Gure, na karanta takardarka na yi murmushi, daga baya kuma tausayi ya kama ni. Cin tuwo kai kaɗai alhali kana jin dariyar abokanka ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada ka tafi Gamu.

Kai ka fi ni sanin dalili. Ba kowane jiki allura ke bar wa kariya iri ɗaya ba, gwajin nan shi zai nuna ko taka ta isa ko sai an ƙara maka. Mutumin da ke tarar mahaukacin kare da igiya bai kamata ya yi aiki da tsammani ba. Ciwo ne da in ya bayyana sai dai addu'a. Ko da gwajin ya yi kyau ma, ranar da kare ya taɓa ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, ka nufi likita a ranar.

Su kuwa mutanenka sun yi kuskure, babu shakka. Wanda kare bai ciza ba ba ya raba ciwon nan a akushi. Amma ka yi musu adalci. Kai ka koya musu dokar nan, sun kuma riƙe ta da kyau har ta biyo ta kanka. Ma'aikata nawa ne ke kukan ba a jin maganarsu? Abin da ba ka koya musu ba shi ne jini iri biyu ake ɗiba, na wanda ake zargi da na wanda ake son karewa. Daga bakinka ba za su karɓa ba yanzu, don a ganinsu mai neman a kwance shi ne ke magana.

Saboda haka ka aika wa Majo Tanimu tun yanzu, ka gaya masa halin da kake ciki. In ya zo, ka kai shi ya gai da Malam Abarshi, ya yi bayanin da kansa, tunda shi likitan mutane ne. Ka roƙe shi ya tsaya cin tuwo, ya wanke hannu ya zauna a tabarmarka, ya ci daga kwanonka, ya sha da moɗarka suna kallo. Ina sa ran kafin kwanon ya ƙare wani zai matso. In ba su matso ba, ka daure har labarin gaskiya ya zo, jira ne mai iyaka.

Ka kuma samu Malam Abarshi shi kaɗai ka yi masa ta'aziyyar jikansa, ko da ta yi latti. Tsoronsa daga nan ya fito. Mutumin da ya gaji da kai ba ya barin matarsa ta ƙara maka nama. Ka tuna, in ka yi ƙaryar nan ka koma akushi, wata rana kare ya same ka kariyarka ba ta isa ba, babu wani daga Tawa da zai riga Malam Abarshi zuwa kanka. Dattijon nan ne zai zauna yana kallon ka kasa haɗiye ruwa, kuma ya riga ya ga haka sau ɗaya. Ka miƙa dantsenka, ɗana.

Allah ya tsare ka a bakin aikinka, ya sa jinin ya isa Yamai lafiya wannan karon, ya mai da kai cikin abokan tuwonka. Ka gai da Inna Bintu.

Baba Gado.